Tarihin ilmin abinci a jami'a da kalmomin da ya bar wa Hausa

1. Gabatarwa

Da wuya a buɗe littafin yaƙi da jahilci wanda ya taɓo zancen ciyar da yara a rasa darasin nan na kasa abinci kashi uku: mai ba da ƙarfi, mai gina jiki, da mai kare jiki daga cuta. Malamin da ke karantar da shi a ƙauyukan Tasawa ko Madawa yakan ɗauke shi tamkar gaskiya guda da aka gano rana ɗaya. Alhali kuwa kowane kashi ya fito daga zamani dabam da ɗakin bincike dabam, kuma akwai ɗaya daga cikinsu wanda masana suka rage wa matsayi tun 1974, Hausa kuwa ta ƙara masa.

Wannan maƙala tana bin sawun ilmin abinci tun daga ɗakunan awo na Turai, zuwa lokacin da ya zama fannin da a ke karatu a jami'a, zuwa isowarsa Afirka ta Yamma da Nijar. Abin da a ke son nunawa shi ne furucin "gina jiki" yana ɗauke da kaya biyu a Hausar yau: yana nufin furotin, yana kuma nufin ingancin abinci baki ɗaya. Wannan rikici gadon tarihi ne, kuma sanin asalinsa shi ne matakin farko na warware shi.

2. Zamani uku, kalmomi uku

A hunturun 1782 zuwa 1783, a birnin Paris, Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace suka sa ɓeran Masar cikin wani mazubi da aka kewaye da ƙanƙara. Suka auna ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar, suka gwama da iskar da ya fitar, suka ce numfashi wani irin ƙuna ne da ke gudana sannu a hankali cikin jiki. Daga nan aka fara kallon abinci kamar itacen da a ke iza wa wuta. A ƙarshen ƙarni na 19, Wilbur Atwater na Jami'ar Wesleyan a Amurka ya tsayar da lissafin da ɗalibai ke haddacewa har yanzu: garam ɗaya na furotin kalori 4, na sitaci ko sukari kalori 4, na maiƙo kalori 9. Tushen "abinci mai ba da ƙarfi" ke nan.

Kashi na biyu ya fito daga masu binciken sinadarai. A 1838 wani mutumin Holan, Gerrit Mulder, ya yi amfani da kalmar furotin bisa shawarar Berzelius. Asalinta daga Girkanci ne, ma'anarta abin da ke gaba da kowa. Watau tun daga suna an riga an ba shi sarauta. A 1842 Justus von Liebig na Jami'ar Giessen a Jamus ya raba abinci gida biyu: wanda ke ɗauke da sinadarin azot, wanda ya ce shi ke zama jini da tsoka, da wanda aikinsa kawai ɗumama jiki ta hanyar numfashi. Ya kuma ɗauka cewa tsoka tana cin kanta ne sa'ad da mutum ke aiki, don haka furotin shi ne abincin gaske. A 1865 malamai biyu na Zurich, Adolf Fick da Johannes Wislicenus, suka hau dutsen Faulhorn ba tare da cin furotin ba, suka auna azot ɗin da ke cikin fitsarinsu, suka tarar furotin ɗin da jikinsu ya ƙona bai isa ya biya aikin hawan ba. Duk da haka darajar furotin ba ta faɗi ba: Carl von Voit na Munich ya ƙayyade wa ma'aikaci garam 118 a kowace rana, kusan ninki biyu na abin da a ke ƙayyade wa baligi yau. Daga rabon nan na Liebig ne Faransanci ya sami "aliments plastiques", daga baya "aliments constructeurs", wanda Hausa ta mayar "mai gina jiki".

Kashi na uku ya zo ta kan kaji. A shekarun 1890, a tsibirin Jaba, likita Christiaan Eijkman ya lura cewa kajin da a ke ba shinkafar da aka cashe ta yi fari tas suna kamuwa da shan inna irin ta cutar beriberi, in kuwa aka mayar musu da dusar sai su warke. A 1912 Casimir Funk ya ƙirƙiro kalmar da ta zama bitamin. Elmer McCollum, wanda ke cikin waɗanda suka gano bitamin A a 1913, shi ya yaɗa kiran madara da ganyaye abinci masu kāriya. Ke nan darasin da ke cika shafi ɗaya a littafin yaƙi da jahilci ya tattara aikin shekara fiye da 130.

3. Yadda fannin ya sami kujera a jami'a

Kusan duk waɗannan mutane malaman sinadarai ne ko likitoci; babu wanda ya yi karatun wani fanni mai suna ilmin abinci, don babu shi. Ya fara tsayawa da ƙafarsa a Amurka, ta ƙofar darussan kula da gida da a ke koya wa mata. Mary Swartz Rose ta fara koyar da shi a kwalejin horon malamai ta Jami'ar Kolambiya a 1909. A Ingila sai 1953 John Yudkin ya buɗe karatun digiri na farko a fannin, a Kwalejin Sarauniya Elizabet ta Jami'ar Landan.

A Faransa hanya ta bambanta. An yi manyan masana irin su Lucie Randoin, wadda ta fitar da jadawalin abubuwan da ke cikin kowane irin abinci, da Jean Trémolières bayan yaƙin duniya na biyu. Amma fannin ya daɗe a ƙarƙashin inuwar likitanci da haɗa magunguna da aikin gona, masu tsara wa majiyyata abinci kuwa horon shekara biyu a ke yi musu bayan bakaloreya. Wannan bambanci ya biyo Turawa zuwa Afirka. A yankin Ingilishi an sami sassa na musamman a jami'a. A yankin Faransanci ilmin ya zo a jakar likitocin soja da masu haɗa magani.

Ko ta wace hanya, abin da ɗalibi ke koyo kusan ɗaya ne: yadda jiki ke narkar da abinci, sinadaran da ke cikinsa, awon tsawo da nauyi, ƙididdigar jama'a, da amfani da jadawalin abinci. Harshen da za a yi wa uwa bayani da shi ba ya cikin wannan jeri.

4. Isowa Afirka ta Yamma

Ƙasar Hausa na cikin wuraren da aka fara irin wannan bincike. Likita W. E. McCulloch, wanda ya yi aiki a Katsina, ya buga nazarinsa kan abincin Hausawa da Filanin gida a 1929 da 1930. A wannan gefen iyaka kuwa hankalin hukumar mulkin mallaka yana kan yawan hatsi. Yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914 da yunwar 1931 da ta yi ɓarna a yammacin Nijar sun sa an matsa wa talakawa su riƙa zuba gero a rumbunan ajiya na tilas. Tambayar hukuma ita ce dami nawa ke cikin rumbu. Abin da ke shiga bakin yaron da aka yaye bai zama batun ofis ba tukuna.

Wadda ta mayar da shi batu ita ce Cicely Williams, likita haifaffiyar Jamaika da ke aiki a asibitin yara na Akara, a ƙasar da ta zama Gana. A 1933 ta bayyana wata cuta ta yara ƴan shekara ɗaya zuwa huɗu masu rayuwa kan kokon masara: kumburin ƙafafu, saɓulewar fata, sauyin launin gashi. A 1935 ta kira ta da sunan da mutanen Ga ke kiranta, kwashiyoko, watau ciwon da ke kama yaron da ƙanensa ya ture daga nono. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne sunan ya zo da bayanin dalili a cikinsa, kuma dalilin na zaman iyali ne. Da kalmar ta shiga littattafan jami'a, sai aka tuɓe mata wannan ma'ana aka sa mata wata: cutar rashin furotin.

Bayan yaƙin duniya na biyu, Faransa ta tura likitan soja Léon Pales ya jagoranci binciken abinci da awon jikin mutane a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. A 1953 aka kafa cibiyar binciken abinci ta ORANA a Dakar, birnin da makarantar likitancinsa ke horar da ƴan Afirka tun 1918, wanda kuma ya sami cikakkiyar jami'a a 1957. A farkon shekarun 1960 Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen horo kan abinci tare da Jami'ar Landan.

Duk wannan ya faru ne a tsakiyar zamanin furotin. Rahoton John Brock da Marcel Autret, wanda hukumomin OMS da FAO suka buga a 1952, ya sa kwashiyoko a gaban dukan cututtukan abinci na Afirka. A 1955 aka kafa kwamitin ƙwararru na musamman kan furotin, a 1968 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto mai gargaɗin cewa duniya na fuskantar ƙarancinsa. Aka zuba kuɗi wajen garin kifi, garin gyaɗa da madarar gari.

Waɗannan shekaru su ne kuma shekarun da Nijar ta kafa hanyoyin kai ilmi karkara: kulob-kulob na masu sauraron rediyo a 1962, ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963, taron Bamako na daidaita rubutun harsuna a 1966, da aikin wayar da kan mata. Duk wanda ya zauna fassara darasin abinci a lokacin, daga littafin Faransanci a Yamai ko daga na Ingilishi a Zariya, ya tarar da kashi uku, ya kuma tarar da cewa na tsakiyan ne sarki. Tun da harsunan Turai biyun duk da hoton gini su ke magana, furucin "gina jiki" ya zauna daram a gefe biyu na iyaka. Da ya ke an ɗauka matsalar yara ita ce rashin wannan kashi, sai "rashin abinci mai gina jiki" ya zama sunan matsalar baki ɗaya.

5. Faɗuwar furotin da darasin Maraɗi

A 1974, shekarar da farin Sahel ya kai ƙarshen tsananinsa, Donald McLaren na Jami'ar Amurka da ke Bairut ya buga wata maƙala a mujallar Lancet inda ya ce an yi shekara ashirin ana bin hanyar da ba ta ɓullewa. A 1975 John Waterlow da Philip Payne suka goyi bayansa da lissafi: yawancin yaran da ke ramewa abincin ne gaba ɗaya bai ishe su ba, kuma in hatsi da wake sun wadata, furotin ɗin da ke ciki yakan wadatar. A shekarun 1980 Michael Golden ya nuna a Jamaika cewa kumburin kwashiyoko yana sacewa ba tare da an ƙara wa yaro furotin mai yawa ba.

Wannan gyara ya fi shafar ƙasar gero. Garam 100 na gero yana ɗauke da kimanin garam 11 na furotin, wake ya haura 20, rogo kuwa da ƙyar ya ke wuce 1. Shi ya sa a Sahel ramar da ke ƙeƙasar da yaro ta fi kumburi yawa nesa ba kusa ba. Inda gizo ke saƙa shi ne ruwan da ke cikin kunu. Kunu tsararo yakan ba da kalori 40 zuwa 60 a garam 100, ƙasa da nonon uwa wanda ke kusa da 70, cikin yaro kuma ƙarami ne. Sai ya ƙoshi alhali jikinsa bai samu ba. A ƙara da zawo, zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda, waɗanda ke hana ci su kuma kwashe abin da aka ci. Uwar da aka gaya wa ɗanta ya rasa "abinci mai gina jiki", aka nuna mata hoton nama da kifi da ƙwai, za ta ji cewa maganin yana kasuwa, ya fi ƙarfin aljihunta. Ba ta ji zancen kaurin kunu, cokalin mai, garin ƙuli-ƙuli da yawan lokutan ciyarwa ba, waɗanda suna hannunta.

Shekarar 2005 ta sake tono batun. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, wadda a ke ɗauka rumbun ƙasa. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa, madara, mai, sukari, bitamin da gishirin jiki, wanda André Briend da Michel Lescanne suka haɗa a 1996. Ƙunshi ɗaya na garam 92 yana ba da kalori 500, kuma uwa na iya ba ɗanta a gida. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan hanya ta jinya a cikin al'umma. Amma rabin gardamar 2005 kan kalma aka yi ta: gwamnatin lokacin ta ƙi kalmar yunwa, ƙungiyoyin agaji suna zancen rikicin abinci, likitoci suna zancen cutar yara. Hausa tana da sunaye dabam-dabam ga abubuwan uku: yunwa, ƙarancin cimaka, tamowa. Jihar da ke da hatsi a kasuwa tana iya cika da tamowa, kuma abin da Maraɗi ta nuna ke nan.

6. Jami'a a Nijar da batun harshe

An buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Bisa gadon Faransa, darussan abinci sun fara zama ne a sashen likitanci da na aikin gona. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, watau a tsakiyar yankin da tamowa ta fi yawa, Hausa kuma ta fi rinjaye. Bukatar ma'aikata da ta biyo bayan 2005 ta sa karatun lisansi da na masta a fannin abinci ya yawaita a makarantun kiwon lafiya. Kayan aiki ma sun inganta: jadawalin abincin Afirka na FAO na 1968 ya sami magaji na musamman ga Afirka ta Yamma a 2012, aka faɗaɗa shi a 2019.

Sai dai ɗalibin yana koyon sabon ilmi da Faransanci, ya kuma isar da shi da Hausar da aka fassara daga tsohon ilmi. A aji ya san bambanci tsakanin rama ta gaggawa, tsumburewa ta tsawon lokaci da ƙarancin bitamin ko ƙarfen jini. A gaban uwa duk sai su dunƙule su koma jimla ɗaya ta shekarun 1960.

Cewa iyaye mata ba za su gane bambancin ba, bincike ya ƙaryata shi. Daga 2013 zuwa 2014, a gundumar Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa mata auna damtsen ƴaƴansu da zaren awo mai launi, wanda jansa ke farawa ƙasa da milimita 115, da danna ƙafa don gane kumburi. Sakamakon ya nuna ba su gaza ma'aikatan lafiya na ƙauye ba wajen gano yaron da ke bukatar jinya. Inda aka ba da ilmi daidai, da harshen da a ke ji, an karɓe shi.

7. Abin da Hausa ta riga ta mallaka

Hausa ba ta zo wa wannan fanni hannu rabbana ba. Tana da tamowa, wadda a wasu wurare a ke cewa kwamiso. Tana da rama da kumburi, waɗanda suka raba nau'i biyu na cutar ba tare da aro ba. Tana da dundumi, rashin gani da dare da ƙarancin bitamin A ke kawowa, wanda a gargajiyance a ke magancewa da hanta, kuma kimiyya ta tabbatar hanta cike ta ke da wannan bitamin. Tana da maƙoƙo ga kumburin wuya na rashin sinadarin iyod. Tana da rurrutsa ko kunika ga cikin da ya shiga tun ba a yaye na goye ba, wanda kan sa a cire yaro daga nono farat ɗaya. Wannan shi ne abin da mutanen Ga suka gani suka raɗa wa suna.

Akwai kuma wuraren da tsarin harshen kan yaudari mai bincike. "Abinci" abin ci ne, fura da kunu kuwa sha a ke yi. Mai tambayar da ya ce wa uwa "sau nawa ya ci abinci jiya?" yana iya samun amsar "sau ɗaya" daga gidan da yaro ya sha fura sau huɗu. Haka "ƙoshi" cikar ciki ya ke nufi, ba ya auna abin da jiki ya samu.

8. Kammalawa

Daga wannan tarihi abubuwa uku ke fitowa ga masu tsara littattafai. Na farko, a raba wa "gina jiki" kayansa: in ana nufin sinadarin, a ce furotin, kalmar da ta riga ta shiga baki, in ana nufin cutar, a ce tamowa, in ana nufin fannin karatu, "ilmin abinci" ko "ilmin cimaka" ya wadatar. Na biyu, kafin a ƙirƙiri sabuwar kalma, a tattara waɗanda ke akwai a Katsinanci da Gobiranci na Maraɗi, da Damagaranci, Adaranci da Arewanci, tare da jimlolin da mata ke sa su ciki, domin kalma ɗaya kan sauya faɗi daga wannan yanki zuwa wancan. Na uku, a yi aikin tare da sassan jami'a da ke koyar da fannin, kowace kalmar Hausa a ɗaure ta da ma'anar da kimiyya ke kai a lokacin, a rubuta shekarar, don a san ranar da za a sake duba ta.

Ƙasar da ta buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram a 1973, ta kuma ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, za ta ƙara bukatar littattafan kimiyya da wannan harshe. Ilmin abinci na cikin na farko da ya kamata a fara da su, domin kuskuren kalma a nan yana ƙarewa ne a kan ƙwaryar kunun yaro.